Abin Ƙerawa Ya Ƙare a Gem

Laraba da dare, Funtua.

Wata huɗu ke nan da likita ya hana ni walda, ni da na kafa gareji da guduma ɗaya. Gem, wasan nan na waya, shi ke cinye min yini, ina daji ina sare itace ina gina bukka. Yau na ƙera abu na ƙarshe a jerin da masu gem ɗin suka tsara. Ba su sa garma ba, ba su sa rumbu ba, masarata a akwati take ruɓewa.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau babu aiki a dajin naka ne?"

Na ce mata an tashi.

Ko haushi ban ji ba. Bayan Isha'i na jefa gatarina a kogin gem ɗin, don gobe in sami abin ƙerawa.