Gidan Sauron da Na Aiko

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai ruwan tankunan kifi ya tsattsaga min hannuwa. Kada Inna ta ji.

Raina a ɓace yake. An ce gidan sauron da na aiko wa yara kake ja a rafinmu, kana kwashe kifi har 'ya'yansa. Haba Yaya! A nan irinsa ya ƙare a koguna, sai 'yan ƙalilan da muke reno cikin gilashi. In ɗaya ya ƙi cin abinci, duk hankalinmu tashi yake.

Don Allah mayar wa yara abinsu. Ko so kake jikokinka su zo nan kallon kifin rafinmu?

Ƙanenka.