Sati Shida Ba Baki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Ya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce saƙon salula ba ya shiga idonki, kira kuma ba ni da bakinsa, shi ya sa na ba maƙwabcinmu direban bas wannan takarda.

Yau kwana tara da yi min aiki. Sun cire haƙora huɗu, sun kankare ƙarin da ya ci min ƙashin muƙamuƙi, sannan suka ɗaure sama da ƙasa da wayoyin ƙarfe. Sati shida, in ji likita, kuma in ƙashin ya motsa sai an sake komai daga farko. Yi dariyarki, Akun gidanmu an sa mata kwaɗo. Abincina madara da romo, ta ɗan bututu a gefen kumatu.

Gidan nan da takarda nake tafiyar da shi. Na liƙa a firji, na liƙa a ƙofar banɗaki. 'Yan biyu sun ce ba sa gane rubutuna, amma fa sai in "wanka" na rubuta. Babba, 'yar farina, tana ƙoƙari, sau biyu ke nan tana ƙona shinkafa ina tsaye ina buga cokali a murfin tukunya. Baban yara kin san aikinsa na lantarki, bakwai na safe ya fice.

Duk wannan zan iya. Auta ce ba zan iya ba. Shekararta uku, ba ta karatu, me zan liƙa mata? Tun ranar da na dawo da kumburarriyar fuskar nan ta ƙi ni. In na miƙa hannu sai ta shige bayan labule. Na gwada kiran sunanta ta tsakanin haƙora, abin ya fito kamar gurnani, ta ƙwalla ƙara. Jiya ta dube ni ido cikin ido ta tambayi Babba, "Ina Mama?" Kin san ba ta cin abinci sai a hannuna. Yanzu loma biyu, ta kau da kai.

Yaya, don Allah ki zo, ko na sati ɗaya ne. Tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Aku

*

Aku,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Sannu da jiki.

Ba zan ɓoye miki ba, zuwa ba zai yiwu yanzu ba. Mutumin nan ko juyawa a gado ba ya yi sai da ni, cokali ma ni ke riƙe masa. Wa zan bar wa shi?

Ki kwantar da hankalinki. Yaro ba ya kashe kansa da yunwa, ranar da ta ciwo ta za ta ci. Ke tun kina ƙarama komai sai kin mai da shi tashin duniya. Likita sati shida ya ce, ba shekara shida ba. Ki bar ƙarafan nan su yi aikinsu, kar ki kuskura ki matsa wa bakin nan. In muryarki yarinyar take nema, ai salular mijinki cike take da surutunki. A kunna mata ta ji, shi ke nan.

Ki gaida min yara da babansu. Allah ya ba ki lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yafe min munin rubutun.

Mun bi shawararki. Babanta ya kunna mata wani tsohon saƙo da na tura masa, inda nake cewa ya biya ya sayo sabulu. Auta ta saki ƙoƙon ruwa, ta ce, "Mama!" Wallahi sai da na yi zaton mun tsira. Sai ta ruga uwar ɗaka, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe kabad, ta leƙa kicin. Ina tsaye a tsakar falo ta wuce ni sau uku. Da ta gaji ta rungume salular ta ce Mama tana ciki, a fito mata da ita.

Yanzu ta tabbatar ni baƙuwa ce. "Matar nan" take kirana. Ba na ganin laifinki, ni ma na ɗauka dabara ce.

Kwana huɗu ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa da ɗan shayi. Na kai ta asibitin yara, na rubuta wa ma'aikaciyar jinya komai a bayan kati. Suka ɗora ta a sikeli, ta ragu sosai. Suka ce in ba ta fara ci ba zuwa jibi za su kwantar da ita su sa mata robar abinci ta hanci. Ma'aikaciyar ta ce, "Ki riƙa lallashinta da magana mai daɗi." Da ta ɗago ta ga bakina, sai ta mai da idonta kan katin.

Saura sati huɗu. Awarwaron hannunta har gwiwar hannu yake zamewa. Ban san abin da zan yi ba, Yaya, ban sani ba.

Aku

*

Zuwa ga Yaya babba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan maigida yana samun sauƙi. Ni ne baban yara. Ban iya tsara magana ba, a yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya na bar jakar aikina a falo. Da hantsi ƙanwarki ta ɗauki filaya ta shiga banɗaki, ta tsaya gaban madubi ta datse wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Babba ce ta kira ni tana kuka. Da na iso na tarar da ita zaune a ƙasa, tawul a haɓa duk jini, Auta a cinyarta tana cin burodi da madara. Ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Likita ya yi faɗa sosai. Ƙashin ya goce. Ranar Litinin za a sake aikin, wannan karon sati takwas, kuma ya ce ba lallai haɓar ta koma daidai ba.

Kowace kalma da zafi take fita, ina gani a idonta, amma ta ƙi yin shiru. Ni ko kala ba ta ce min ba, maganar duk ta Auta ce. Tun safe take koya mata cewa za a sake rufe bakin, kuma duk wadda ta matsa mata ɗan yatsa sau uku, to Mama ce. Auta ta ce to. Can ta ɗago ta ce, "Matar nan za ta dawo?"

Yaya, zan turo ƙanena ya zauna da maigida. Ki hau motar ranar Lahadi.

Naki,
Baban yara