Hotunan batik ɗin Ibu

Mas Danang, yayana,

Ka ga hotunan nan tun ranar da ka ɗora su a shafinmu na intanet, amma ka kau da kai. "Ai ana gani," ka ce. Me ake gani? Kullum ka buɗe hoto, ka yanke gefe, ka sake adana shi a JPEG, alhali kowace adanawa tana rage masa kyau. Ɗigo-ɗigon adon batik da Ibu, mahaifiyarmu, take yi da narkakken kaki a jikin yadi sun dame kamar faten shinkafa. Shi ya sa matar nan ta garin Bandung da ta leƙa shafin ta rubuto jiya wai batik ɗinmu bugun inji ne.

Nawa laifin ya fi naka. Don in ƙure ka na karanta saƙon da ƙarfi muna cin abinci. Ka dai ji Ibu da ta ajiye cokali: "Nduk, 'yata, ko idona ne ya fara tafiya?" Yanzu haka ina jin motsinta a bayan gida, ko wutar kaki ba ta hura ba. Kunya ta hana ni zuwa gaishe ta, ga jirgin da zan hau zuwa Semarang ba zai jira ni ba.

Hotunan asali suna cikin kyamara. Ciro su, ka adana su a PNG, ka sauya na shafin. Sannan ka kai mata kwamfutar, ka ƙara girman hoton ta duba aikinta da kanta. Yau za ka yi, Mas, kafin ta yarda da maganar matar nan.

Ƙanwarka,
Ratri