Geron da muka ƙara wa Yaya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malam mai karanta takardu, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na yi abu don alheri yanzu ya zame mani alaƙaƙai.

Yayana ya dawo bara daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku inda Turawa suka kai sojojinmu, babu hannun dama. Mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Yashe, suka haɗa mashi hatsi sadaka aka kai har ƙofar gida, wallahi ko kallon buhun bai yi ba, ya ce a kwashe, shi hannu ya bari a Bama ba zuciya ba. Aka ce to a yi mashi gayya, nan ma ya ƙi. Haka ya yi ta fama da hauya da hannun hagu duk damina, ga mata ga 'ya'ya huɗu, gonar kuwa rabi ciyawa ta cinye. Taurin kan Yaya sai dai addu'a.

Da kaka ta zo ni ke yi mashi ɗauri, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaure dami. Sai na bi dattawa gida gida muka shirya, duk ranar da ya tafi Kankiya wankin miki, kowa ya kawo zangarniyar gero daga gonarshi in zuba cikin tarin Yaya. Rumbu ya cika, muka ce alhamdu lillahi, an rufa asiri.

Ashe mun jawo wa kanmu. Yanzu Yaya ya yarda hannunshi ne ya noma wannan duka. Har zakka ya fitar, ya aika wa Gwaggo Tabawa dami guda, tsohuwar da ita ma ta zuba nata a ciki. Ta gane geronta sarai, ta karɓa ta sa albarka, da ta gan ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi ka jawo mamu?"

Babbar damuwar, ranar Litinin Bature mai kula da tsofaffin sojoji zai zo Kankiya rubuta sunan waɗanda suka nakasa, don a riƙa ba su taimakon da jama'a suka tara. Yaya ya ce ba inda za shi, a ba waɗanda suka gaza, shi ya ga abin da hannunshi ke iyawa. Na yi magiya har muka yi cacar baki, ya ce baƙin ciki nake mashi. Ni! Ga shi dattawa sun faɗa mani baɗi ba su iya ƙarawa, su ma da kyar suke.

In na yi shiru, baɗi yaran nan yunwa za su sha. In na faɗa, na san abin da zan karya. Shekaranjiya na same shi tsaye bakin rumbu yana dariya da 'ya'yanshi, rabon da in ji dariyar Yaya tun kafin a ɗauke shi soja.

Jama'a, in faɗa mashi kafin Litinin, ko in bar shi da dariyarshi?