Ƙwaron da Na Jira a Gindin Furen Okid

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti?

Na san kin yi fushi da ban zo ranar da likita ya sa za a cire mini yanar ido ba. Ki yi haƙuri. Furen okid ɗin nan da ke bayan tashar bincikenmu ya buɗe, kuma kwana goma kawai yake yi. Shekara tara ina zana shi, ban taɓa ganin ƙwaron da ke kai garin cikin furen ga ɗan'uwansa ba. In babu wannan ƙwaro, babu iri.

Kullum da hantsi nakan kafa kujerata a gindinsa. Da idon nan nawa komai ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, ganye na narkewa cikin haske. Malam-buɗe-littafi ya zo ya wuce. Ƙudan zuma ma ya leƙa, ya ga ba zaƙi, ya yi gaba abinsa. Wani lokaci ban san ko gyangyaɗi nake ko kallo ba.

Babanki.

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinki, ya zo!

Kwanakin baya ne, kunnena ne ya fara jin sa. Wani ɗan zanzaro ne baƙi. Na kara madubin ƙara girma a ido. Ashe furen ƙamshin macensa yake yi. Bawan Allah ya rungume shi yana ta rarrashi, da ya gane an yaudare shi ya tashi, ƙwallaye biyu rawaya na garin furen manne a goshinsa kamar an ɗaura masa rawani. Bai yi hankali ba, ya faɗa wa fure na gaba. Na yi dariya har da hawaye.

Yau na tarar furen na biyun ya yanƙwane, gindinsa ya fara kumbura. Ya ɗauka.

Yanzu ba ni da sauran hujja, bari in faɗa miki gaskiya. Ba furen kaɗai ya riƙe ni ba. Tsoro nake ji a taɓa idon nan in farka cikin duhu. Jibi ina tafe. Ki roƙar mini likita ya bar ki ki tsaya kusa da kaina, ki riƙa yi mini magana har a gama.

Ki gaida kowa da kowa.

Babanki mai ƙaunarki.