Injin Askin da Ya Mutu a Rabin Kai

Litinin, 3 ga Maris
Injin askin da na saya ta intanet ya iso. A hoto sai sheƙi yake. Na jona shi, na zaunar da Baba mai kanti, wanda bai taɓa aski wurin kowa ba sai ni. Muna rabin kai injin ya yi gurnani, ya yi wari, ya mutu. Da almakashi na ƙarasa. Baba ya dubi madubi ya ce, "Ɗana, ara mini hula." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Laraba, 5 ga Maris
Na yi wa mai kayan saƙo. Wai lafiya lau ya bar hannunsa, ni na ƙona shi. Har na rubuta "to shi ke nan", sai Yaya ta fizge wayar. "Kai komai shi ke nan? Gumin naka a bola ka tsince shi?" Ta goge.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ɗauki bidiyon injin, na kai ƙara wurin masu manhajar da na saye shi a cikinta.

Asabar, 8 ga Maris
Shiru.

Talata, 11 ga Maris
Mai kayan ya kira da kansa. Yau kuma na zama "ɗan'uwa". Wai in janye ƙara, ya ba ni rabi. Na ce masa rabin aski ba aski ba ne, ya tambayi Baba. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya kashe.

Juma'a, 14 ga Maris
Kuɗina sun dawo, cif! Ina tsakiyar gyara wa wani gemu wayar ta yi ƙara. Na yi ihu har mutumin ya zabura. Yaya ta yi ta rawa a ƙofar shago. Baba ya ce askin gobe kyauta ne, na ce har na wata mai zuwa.

Lahadi, 16 ga Maris
Mai shago ya zo da zancen ƙarin haya. Na ce ya fara gyara rufin da ke zuba, sannan mu zauna. Ya daɗe yana kallona, ya ce kafinta zai zo gobe. Ba wani abu ba ne. Na dai lura ban sunkuyar da kai ba.