Babban Yatsan Ƙanena

Anti, don Allah ki taimake ni kafin abin da ke cin raina ya ƙarasa ni. Ni ɗan wasan zari-ruga ne, shekara goma sha biyu ina sa rigar ƙasarmu mai lamba biyu. Mai wannan lambar shi ke jefa ƙwallo daga bakin layi, a ɗaga 'yan wasa sama su cafe. Ƙanena ma lamba biyu ne. Ni na koya masa jifan a bayan gidanmu, da bokiti a kan katanga.

Mahaifiyarmu 'yar wata ƙasa ce a wani yanki daban, kuma doka ta yarda mutum ya buga wa ƙasar uwarsa. 'Yan ƙasar tata sun neme ni ina ɗan shekara ashirin, na yi musu girman kai na zaɓi tamu. Da ƙanena ya taso ya tarar na tare gurbin nan, ni da bakina na ce ya tafi can.

To, zuwa gasar kofin duniya yanki-yanki ake tacewa. Yankinmu ƙasa takwas ne, gurbi ɗaya aka ba mu. Yankin su ƙanena kuwa gurbi uku. Mun ci wasa huɗu, muka faɗi na ƙarshe da maki biyu. Aka ba mu dama a gasar cike gurbi, nan ma muka zo na biyu. Su ƙanena kuwa sun sha kashi sau biyu, suka lallaɓa a na uku suka wuce. Ƙungiyar da muka taɓa lallasawa har 'yan kallo suka watse kafin a tashi.

Shekarata talatin da huɗu, gwiwata ta hagu ba za ta kai wata gasar ba. Mama ta sa rigarsa a gilashi ta rataye a falo, saman talabijin. Tawa tana ninke a akwati. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi mini barka, ni kuma ina ta washe baki kamar mai tallan man goge haƙori.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Duk lokacin da zai yi dogon jifa, babban yatsansa yakan zame ya koma bayan ɗinkin ƙwallo. Manyan ƙasashe suna da masu zaman nazarin bidiyo, rana ɗaya za su gano alamar, su riƙa sanin inda jifan zai sauka, su yi ta sace masa ƙwallo har koci ya ajiye shi a benci. Sau uku yana turo mini bidiyon atisayensa, wai Yaya duba mini. Sau uku ina amsa masa da komai daidai. Saura mako biyar a fara gasar. Ina son ƙanena, Anti, amma wallahi wani ɓangare na zuciyata so yake ya dawo gida da kunya. Ya zan yi?

Lamba Biyu da Aka Bari a Gida

Ɗana Lamba Biyu,

Haushinka yana da dalili. Shekara goma sha biyu ba wasa ba ce, kuma mai yiwuwa rabon guraben bai yi muku adalci ba. Wannan ƙorafin ku kai shi gaban hukumar wasanku, ku da kuka ji a jikinku. Amma ƙanenka ba ya wurin da aka yi rabon. Shawararka kawai ya bi.

Hassadar da ta tsaya a zuci jarrabawa ce da ba ta bar kowa ba. Amsar nan da ka tura sau uku kuwa ƙarya ce, kuma ita za ka fara gyarawa. Ka kira shi yau, da murya, ba saƙo ba. Ka gaya masa zancen yatsan, ka kuma faɗa masa cewa ka gani tun farko ka yi shiru. Zai ji zafi, ka ba shi lokaci. Ya fi a ce yana zaune a benci ya tuna wanda ya duba masa bidiyon. Mako biyar zai isa gyara idan ka tsaya masa.

Mama kuma murmushinka take gani ta ɗauka na gaske ne. Ka ciro rigarka daga akwati ka miƙa mata, za ta gane.

Ba zan yaudare ka ba, gasar nan ta wuce ka. Amma jifan da ka koyar da bokiti a kan katanga zai je. Saura ka zaɓa ko ya isa can a gyare, ko da aibin da ka gani ka yi shiru.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba gwiwar lafiya.